Ɗigon rabin milimita: shekarun da Abhinav Bindra ya yi yana koyon tsayuwa

Ku ɗauko rular da ke cikin akwatin lissafinku, ku dubi tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu. Milimita ɗaya ke nan. To ku raba ta biyu a zuci. Wannan rabin, wanda bai wuce ɗigon ayar da kuke yi da biro a ƙarshen jimla ba, shi ne faɗin tsakiyar allon da ake harbi a gasar Olamfik, a wasan bindigar iska na mita 10. Mita goman kuwa ta kai tsawon aji, ko ta ɗan fi. Daga inda ɗan wasa yake tsaye ba ya ma ganin ɗigon. Abin da yake hangowa ta kafar saiti shi ne wani baƙin da'ira mai faɗin milimita 30.5, kuma doka ta hana a ɗora wa bindigar madubi mai ƙara girman abu.

A tsaye ake yin wasan, ba jingina da bango, ba tebur, ba wani abu da zai tallafi hannu. Bindigar tana iya kai nauyin kilo 5.5, wato ta ɗara galan mai lita biyar cike da ruwa. Harsashinta 'yar ƙwayar dalma ce mai faɗin milimita 4.5. A zagayen share fage ana harbi 60 cikin minti 75, kusan darasi biyu a jere. Maki mafi girma a harbi ɗaya shi ne 10.9, kuma duk lokacin da ƙwayar ta kauce daga tsakiya da rubu'in milimita, an rage 0.1.

Masu son lissafi ga aiki. Tsawon bindigar kusan mita ɗaya ne, allon kuma yana mita goma. Ke nan duk karkatar da bakin bindiga ya yi, sai ta ninka kusan sau goma kafin ƙwayar ta isa. Idan bakin ya goce da rubu'in milimita kawai, ƙwayar za ta sauka milimita biyu da rabi daga tsakiya, kuma nan ne iyakar maki goma. Bugun zuciya kaɗai ya isa ya jawo hakan.

Da muka fara bibiyar wasan mun ɗauka kaifin ido ne sirrinsa. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Da yawa daga cikin gwanayen da gilashin gyaran gani suke harbi. Abin da suke kashe shekaru suna koyo shi ne tsayuwa.

Ku gwada wannan a gida: ku haɗe ƙafafu, ku rufe ido, ku ƙirga talatin. Za ku ji jiki yana rangaji, gaba da baya, hagu da dama, tafin ƙafa yana ta ƙoƙarin gyara ku. Haka aka halicci ɗan Adam, ba mai iya tsayawa kamar turke. Abin da atisaye ke yi shi ne rage faɗin wannan rangajin, da kuma sa shi ya yi sanyi, har ɗan wasa ya san lokacin da ya fi lafawa.

Mai harbi da hannun dama yakan juya wa allon gefensa na hagu, ya buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan tura ƙugu gaba, ya kafa gwiwar hannun hagu a kan ƙashin ƙugu ko a jikin haƙarƙari. Bindigar sai ta zauna a kan hannun da ke sanye da safa mai kauri, gindinta a kafaɗa, kunci a kanta. Hikimar ita ce nauyin ya bi ta ƙashi ya sauka ƙasa. Tsoka tana gajiya, idan ta gaji sai ta fara rawa, ƙashi kuwa ba ruwansa. Shi ya sa za ku ga 'yan wasan cikin riga da wando masu tauri da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, suna tafiya kamar agwagwa. Kayan suna tallafa wa gadon baya, amma alƙalai suna auna kaurinsu da taurinsu don kada tufafi su yi wa mutum aikin da ya kamata jikinsa ya yi.

Akwai wani gwaji da kociyoyi ke sa ɗalibansu yi har ya zame musu jiki. Mutum ya gyara tsayuwa, ya rufe ido, ya saki jiki, ya yi numfashi, sannan ya buɗe. Idan bakin bindiga ya koma wani gefe, ba a jawo shi da ƙarfin hannu. Ƙafa ake ɗan matsawa a sake gwadawa, har sai bindigar ta dubi allon da kanta. Bayan haka sai numfashi: a ja, a saki, a tsaya a ɗan tsakanin nan da huhu ya huta. Yatsa kuma ya matsa kunama a hankali, ba fizga. Ko bayan ƙwayar ta fita ba a ɗaga kai nan take, sai an ɗan ci gaba da riƙon. Idan daƙiƙu suka ja harbin bai fita ba, ido ya fara dushewa, hannu ya fara rawa, to a sauke bindigar a faro daga farko. Kociyoyi sun daɗe suna kuka da cewa sabbin 'yan wasa sun fi jin wuyar wannan saukewar fiye da komai, domin zuciya tana ta raɗa musu cewa saura ƙiris.

Wani abin da zai ba ku mamaki: babban kaso na atisayen ba a sa harsashi ko ɗaya. Ɗan wasa zai tsaya gaban bango da ɗan baƙin ɗigo a manne, ya ɗaga, ya riƙe, ya danna kunama a wofi, ya sauke, ya sake. Ba ƙara, ba maki, ba mai tafi. Wasu suna manna wa bindigar na'urar da ke zana yawon bakinta a fuskar kwamfuta, sai su ga layin yana ta kewaya kamar sawun tururuwa. Yawancinsu kuma suna da littafin da suke rubuta abin da ya faru kowace rana: inda ƙafa ta tsaya, yadda haske yake, abin da suka canza. Ci gaban wata guda yana iya zama abin da ido ba zai gani ba sai a cikin wannan littafin.

Bari mu ɗan dakata a nan mu ja kunne. Duk abin da muke bayani a zauren wasa mai lasisi ake yin sa, ƙarƙashin koci da jami'in lura, kuma dokar farko ita ce bakin bindiga ba ya taɓa kallon mutum, ko da babu komai a cikinta. Bindigar iska ma tana fasa ido, tana iya kisa. Ba abin da za a gwada a bayan gida ba ne.

Wanda labarinsa ya fi nuna mana nauyin wannan atisaye shi ne Abhinav Bindra na ƙasar Indiya, wanda aka haifa a 1982. Ya fara harbi yana ɗan makaranta kamarku, kuma yana da shekara 17 ya je Olamfik ta Sidni a 2000. Gaskiya ɗaya ce, ɗan masu hali ne, har mahaifinsa ya gina masa zauren harbi a gida. Kuɗi sun saya masa wuri da kaya da kociyoyi daga Turai, irin su Gaby Bühlmann 'yar Suwizalan da Heinz Reinkemeier na Jamus. Sa'o'in tsayuwar kuwa ba wanda zai tsaya masa.

A Olamfik ta Atens a 2004 ya ci maki 597 cikin 600 a share fage, ya shiga zagayen ƙarshe yana na uku. Sai komai ya wargaje, ya ƙare na bakwai cikin takwas. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2011 ya ba da labarin yadda daga baya aka gano cewa daɓen wurin da ya tsaya yana ɗan motsi. Ku tuna lissafinmu na ɗazu. Mutum ya shekara huɗu yana koyon rage rangajin jikinsa, sai ƙasan da ya taka ta yi masa rangajin.

Wani zai ce ƙaddara ce, ya tattara kayansa. Shi abin da ya ɗauka daga Atens shi ne bai shirya wa abin da ba a zata ba. Ya ci gasar duniya a birnin Zagreb a 2006, ya yi fama da ciwon baya mai tsanani wanda ya raba shi da bindiga na tsawon watanni, ya dawo. Kafin Olamfik ta Bejin har zauren biki ya kama haya ya mayar da shi wurin atisaye, don idonsa da jikinsa su saba da faffaɗan ɗaki irin na gasar. A Jamus kuma ya hau wani dogon turke mai tsawon kusan ƙafa 40 ya tsaya a ƙolinsa, don ya ɗanɗana tsoro na gaske ya ga ko numfashinsa zai yi masa biyayya. Mu dai muna ganin wasu daga cikin dabarun nasa sun yi kusa da wuce gona da iri. Amma ranar 11 ga Agusta, 2008 ta nuna amfanin wasunsu.

A ranar ya ci 596 a share fage, ya shiga zagayen ƙarshe yana na huɗu, maki biyu a bayan Henri Häkkinen na Finlan. A 'yan mintunan gwaji da ake bayarwa kafin a fara, harbinsa na farko ya sauka can nesa da tsakiya: saitin bindigar ya goce. Ya shiga murɗa shi yana gwadawa, lokaci yana tafiya, har ya dawo da shi. Mutumin da bai san tsayuwarsa ciki da bai ba zai fara zargin kansa ne, ya canza ƙafa, ya canza riƙo, ya ƙara dagula lamarin. Shi ya san jikinsa bai yi kuskure ba, don haka ya nemi matsalar a jikin ƙarfe.

Harbi goma ake yi a zagayen ƙarshe a wancan lokacin, kuma babu ko ɗaya nasa da ya gaza maki 10. Bayan na tara, shi da Häkkinen suka yi kunnen doki a 689.7. Saura ɗaya. Bindra ya harba 10.8, wato ƙwayarsa ba ta wuce rabin milimita daga tsakiya ba. Häkkinen ya samu 9.7, kimanin milimita uku daga tsakiya, ya faɗo na uku. Zhu Qinan na ƙasar Sin, wanda ya ci zinaren Atens, ya zo na biyu da 699.7. Bindra ya tashi da 700.5. Indiya ta sha cin zinare a wasan hoki, amma wannan ne karo na farko da wani ɗan ƙasar ya ci zinaren Olamfik shi kaɗai, ba a cikin ƙungiya ba.

Kada ku ɗauka atisaye yana ba da tabbaci. Matthew Emmons na Amurka gwani ne na gaske, ya ci zinare a harbin kwance a Atens. A wata gasar ta mita 50 a can Atens ɗin, wadda ake kammalawa a tsaye, yana kan gaba da maki uku saura harbi ɗaya. Ya saba duba lambar allonsa kafin ya harba. A wannan karon hankalinsa ya tafi ga kwantar da zuciya, bai duba ba, ya harbi allon maƙwabcinsa. Aka ba shi sifili, ya koma na takwas. Bayan shekara huɗu a Bejin ya sake kaiwa harbin ƙarshe yana kan gaba, yatsansa ya taɓa kunama tun bindigar ba ta gama sauka kan tsakiya ba, ya samu 4.4, ya ƙare na huɗu. Ya koma atisaye, kuma a Landan a 2012 ya samu tagulla a wannan gasar da ta kunyata shi sau biyu.

Ba kuma sai ɗan attajiri ba. Niccolò Campriani na Italiya, bayan ya yi ritaya, ya ɗauki wasu 'yan gudun hijira a Suwizalan waɗanda ba su taɓa wasan ba ya fara koya musu a 2019. Ɗaya daga cikinsu, Luna Solomon 'yar Eritiriya, ta tsaya a layin harbi a Olamfik ta Tokiyo a 2021 cikin tawagar 'yan gudun hijira. Ba ta kusanci lamba ba, amma ta cika makin da ake buƙata kafin a bar mutum ya shiga.

Shi Bindra bai ajiye bindiga bayan zinaren ba. A Landan a 2012 ko zagayen ƙarshe bai kai ba. Ya sake komawa zaurensa na gida, ya gyara shi ya yi kama da na birnin Riyo inda za a yi gasar 2016, ya ci gaba da ɗagawa da saukewa na wasu shekaru huɗu. A Riyo, Olamfik ɗinsa ta biyar, yana da shekara 33, ya kai zagayen ƙarshe. Da aka rage mutum huɗu sai makinsa ya zo daidai da na Serhiy Kulish na Yukiren, aka ce su raba gardama da harbi ɗaya: wanda ya ci ya tabbata da lamba, wanda ya faɗi ya fita. Kulish ya harba 10.5, Bindra 10.0. Campriani ne ya ɗauki zinaren ranar, Kulish azurfa, Bindra kuwa ya ƙare na huɗu, kuma daga wannan harbin ya yi ritaya.