Kare ko Karya: Wane Za a Ɗauka?

A ƙauyukan Magarya da Dungas, kare yana da aiki. Yana tsaron gida da rumbu. Yana bin garken awaki da tumaki. Mafarauta suna shiga daji da shi. Saboda haka, in karyar maƙwabci ta haihu, mutane sukan zo roƙon kwikwiyo. Yawanci namiji suke so. To, wane ya fi?

Halin namiji

Namiji ya fi girman jiki. Ba ya haihuwa, don haka ba ya tara wa maigida bakuna. Amma yana da yawo. In ya ji ƙanshin karya mai neman barbara, sai ya bar gida kwana da kwanaki. Can zai yi faɗa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba. Ya dawo da rauni, wani lokaci har da cuta. A kwanakin nan gida ba shi da mai tsaro. Likitan dabbobi yana iya yi masa fiɗiya. Wannan yana rage yawon.

Halin mace

Karya ta fi zama gida. Amma tun tana wata 6 zuwa 12 take fara neman barbara, kuma yawanci sau biyu a shekara. A lokacin karnukan gari suna taruwa a ƙofar gida. Cikinta wata biyu ne, wajen kwana 63. Takan haifi ƴaƴa huɗu, shida, ko fiye. Mai shayarwa tana bukatar abinci da yawa, ko da a lokacin bazara ne, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Tana kuma iya cizon yaro in ya taɓa ƴaƴanta.

Yadda za a zaɓa

Maigida ya tambayi kansa. Yana da tuwon da zai ciyar da uwa da ƴaƴa? Yana da waɗanda za su karɓi ƴaƴan? In babu, ya ɗauki namiji. Kwikwiyon da aka zubar bayan gari, in ya rayu, shi ne gobe karen da ba shi da ubangida. In kuwa yana son mai zama kusa da gida, kuma zai iya tsare ta lokacin barbara, ya ɗauki mace.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika wata biyu. A zaɓi mai kuzari, mai ido garau, wanda ba ya zawo.

Abin da ya fi zaɓe muhimmanci

Ciwon haukan kare bai san namiji ko mace ba. Bai san iyakar Nijar da Najeriya ba. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan kullum mutuwa ce. Yara ne suka fi shiga hatsari, domin su ke wasa da kwikwiyo.

Saboda haka, kwikwiyo ya cika wata 3, a kai shi wurin ma'aikatan kiwo a yi masa allurar rigakafi. A sake ta a lokacin da suka faɗa.

In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. A tafi gidan likita a ranar. Kada a jira a ga abin da zai faru. Rigakafi ya fi magani.