Gyaran Bayanan Ɗanyen Hoto: Ƙarin Haske Ga Masu Ɗaukar Hoto A Kankiya Da Kusada

Kamar yadda aka sani, hoto yana daga cikin shaidun da ake dogara da su wajen tabbatar da ayyukan raya ƙasa. Idan aka haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kusada, ko aka gyara ajujuwa a wata firamare ta Kankiya, hoto ne ke nuna yadda wurin yake kafin aikin da bayan kammala shi. To amma idan ranar da ke cikin hoton ta saɓa wa ranar da ke kan takarda, shaidar ta raunana, har ma tana iya jawo gardama tsakanin ɗan kwangila da masu binciken kuɗi. Bisa ga haka ne muka ga ya dace mu yi wannan bayani.

Kowace kyamarar zamani tana rubuta wasu bayanai a cikin fayil ɗin hoto, waɗanda ido ba ya gani: rana, lokaci, samfurin kyamara da saitin haske. Ana kiran wannan tsari EXIF, kuma ya samo asali ne daga ƙasar Jafan a 1995. Akwai kuma IPTC, inda ake rubuta sunan mai hoto, wuri da bayanin abin da ya faru. A 2001 kamfanin Adobe ya fito da XMP.

Ɗanyen hoto, wato irin CR2 na Canon ko NEF na Nikon, shi ne ainihin abin da kyamara ta ɗauko ba tare da an sarrafa shi ba. Manhajoji irin su Lightroom ba sa rubutu a cikinsa. Suna ajiye gyaran ne a kundinsu, ko a wani ƙaramin fayil mai suna iri ɗaya da ya ƙare da .xmp. Nan ne mafi yawan asara take faruwa. Mutum zai kwashe hotuna zuwa filasha ya bar waɗannan ƙananan fayiloli, ko ya goge su da zaton shara ce, sai aikin mako guda ya salwanta. Saboda haka, a riƙa danna Ctrl da S domin manhajar ta rubuta bayanan, kuma kada a raba hoto da ɗan rakiyarsa, ko a sauya sunan ɗaya a bar ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce agogo. Kyamarar da aka sayo daga Dubai tana iya zuwa da lokacin can, wanda yake gaba da namu da awa 3. Na Sin kuwa awa 7 ne. Haka kuma, idan ƙaramin batirin agogon ya mutu, wasu kyamarori sukan koma 1 ga Janairu, 2000. Maganin shi ne a samo hoto guda da aka tabbatar da lokacinsa, a lissafa bambancin, sannan a matsar da sauran gaba ɗaya. Lightroom tana da wurin yin haka, sannan akwai ExifTool, manhaja ta kyauta da Phil Harvey ya fitar a 2003, wadda take ajiye kwafin asali kafin ta taɓa komai. A ra'ayinmu, hoton da za a gabatar a matsayin shaida ya kamata a rubuta dalilin gyara lokacinsa, domin gyaran da ba a bayyana ba zargi yake jawowa.

Sai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa. Tsohon tsarin IPTC yakan mayar da ƙ, ɗ da ɓ alamar tambaya idan ba a zaɓi UTF-8 ba. A XMP babu wannan matsala. Kazalika, ofishi ya tsaya a kan rubutu guda, ko Kankia ko Kankiya, domin mai nema da ɗaya ba zai ga hotunan da aka adana da ɗayan ba.

Muna tunatar da jami'an yaɗa labarai cewa WhatsApp yana cire bayanan idan aka tura hoto yadda aka saba. A tura shi a matsayin takarda. Idan kuwa hoton gidan wani ne za a ɗora a intanet, a fara cire bayanin GPS da ke nuna inda gidan yake.