Sauya Manhajar Kantin Intanet: Darasin Da Ke Cikin Ƙaurar Magento

Tsakanin ranar Juma'a 11 da Litinin 14 ga watan Satumba na shekarar 2020, waɗansu ɓarayi masu kutse ta hanyar kwamfuta sun shiga kantunan intanet kusan 2,000, ba tare da sun fasa ƙofa ko sun ɗauki ko da allura daga cikin hajja ba. Abin da suka yi shi ne dasa wani ɗan rubutun umurni a shafin da mai saye yake biyan kuɗi, yadda duk wanda ya rubuta lambar katinsa na banki, da ranar ƙarewar katin, da lambobi ukun nan na bayansa, sai kwafin bayanan ya zarce wurin ɓarayin, alhali kuwa ciniki ya kammala lafiya lau, mai kanti bai sani ba, mai saye bai sani ba.

Kamfanin Sansec na ƙasar Holan, wanda aikinsa ke nan bin diddigin irin wannan sata, shi ne ya bayyana al'amarin. Ya kuma nuna cewa mafi yawan kantunan da abin ya shafa suna tafiya ne a kan tsohon zubi na wata manhaja mai suna Magento, wanda masu shi suka daina kula da shi wata biyu da rabi kafin aukuwar abin. Wato dai bango ne ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Asalin Manhajar

Kantin intanet yana tsaye ne a kan manhaja, kamar yadda kantin kasuwa yake tsaye a kan gini. Ita ce take jera kaya da hotunansu da farashinsu, ta riƙe sunayen abokan ciniki da adireshinsu, ta lissafa haraji da kuɗin aikawa, sa'an nan ta haɗa mai saye da banki a lokacin biya.

Wani kamfani mai suna Varien a jihar Kalifoniya ta Amurka shi ne ya fito da Magento a watan Maris na 2008. Da yake an bayar da ita kyauta, kuma kowane masani yana iya duba cikinta ya gyara yadda yake so, nan da nan ƙanana da matsakaitan 'yan kasuwa suka rungume ta. Kamfanin eBay ya mallake ta a 2011, daga bisani ta fita daga hannunsa a 2015, kana kamfanin Adobe ya saye ta a 2018 a kan dala biliyan 1 da miliyan 680.

A watan Nuwamba na 2015 ne aka fito da zubi na biyu, wato Magento 2. Tun da farko an yi wa masu tsohon zubi alkawarin ci gaba da kula da shi na aƙalla shekara uku. Da aka ga ƙaura tana tafiyar hawainiya, sai aka ƙara wa'adi har zuwa ƙarshen watan Yuni na 2020. Ma'anar cikar wa'adin ita ce, daga wannan rana kamfanin ba zai ƙara fitar da facin tsaro ba, wato ɗan gyaran da ake aikawa don toshe wata kafa da aka gano a jikin manhaja. Kanti zai ci gaba da aiki kamar kullum, amma duk kafar da ɓarayi suka gano bayan nan, to, a buɗe za ta zauna.

Ƙaura Ce, Ba Kwaskwarima Ba

Mai karatu na iya tambaya, me ya hana masu kantunan nan sauyawa, ga shi an ba su fiye da shekara huɗu? Amsar tana cikin irin bambancin da ke tsakanin zubin biyu. Ƙananan gyare-gyaren da aka saba, kamar tashi daga zubi na 1.8 zuwa na 1.9, tamkar sabunta fenti ne da canza makulli. Magento 2 kuwa sabon gini ne tun daga tushe, wanda aka sake wa tsarin rubutu da fasalin rumbun bayanai. Suna ne kawai ya haɗa su. Saboda haka ba a ɗora sabo a kan tsoho. Dole ne a gina sabon kanti a gefe, a kwashe kaya a kai can.

Kamfanin ya tanadi wata manhaja ta musamman don kwasar bayanai, wadda take aiki a mataki uku. Da farko takan kwashe tsare-tsaren kanti, kamar dokokin haraji da hanyoyin aikawa da kaya. Na biyu, ta kwashe manyan bayanai, wato jerin kaya, da abokan ciniki, da tarihin cinikin da aka yi. Na uku, ta dinga bin sawun sabon cinikin da yake shigowa tsohon kanti a yayin da ake aikin, domin kada odar wani ta faɗi a hanya.

Amma akwai abubuwan da ba ta ɗauka. Hotunan kaya sai an kwafe su daban. Fuskar kanti, wato launi da tsarin shafuka da abokan ciniki suka saba da su, sai an sake zanawa. Haka nan asusun ma'aikatan kanti da ikon da aka ba kowannensu, sai an sake kafawa.

Babban ciwon kan shi ne ƙananan manhajojin ƙari. Da wuya a sami kanti wanda bai jingina da irinsu ba: wannan tana haɗa shi da kamfanin karɓar kuɗi, waccan da kamfanin jigila, wata kuma da littafin akanta. Babu ɗaya daga cikin na tsohon zubi da take aiki a kan sabo. Dole mai kanti ya sayi sabuwa, ko ya biya masani ya rubuta masa, idan kuwa wanda ya ƙirƙiri ta asali ya bar sana'ar, sai a fara daga farko. Wannan ya sa ƙaurar babban kanti takan ɗauki watanni, kuɗinta kuma yakan yi kusa da na buɗe sabon kanti.

Daɗin daɗawa, wa'adin ya cika ne a tsakiyar annobar korona, lokacin da aka kulle kasuwanni, jama'a suka koma sayayya daga gida. Ɗan kasuwar da ciniki ya buɗe masa a irin wannan lokaci, da ƙyar za a shawo kansa ya taɓa abin da yake kawo masa kuɗi.

An Yi Gargaɗi

Ba a ce ba a faɗa ba. A watan Afrilu na 2020 kamfanin Visa ya fitar da sanarwa cewa duk kantin da ya zauna a kan tsohon zubi bayan wa'adi zai fita daga cikin ƙa'idar tsaron katin banki, wadda manyan kamfanonin kati suka shimfiɗa wa duk mai karɓar kuɗi da kati. Duk da haka, a lokacin satar watan Satumba, Sansec ya ƙiyasta cewa kantuna wajen 95,000 ba su ƙaura ba tukuna.

A nan ne nauyin al'amarin yake. Mai kantin da ya jinkirta don gudun kashe kuɗi, ba dukiyarsa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba. Katin da aka sace na wani ne, wanda bai san wace manhaja kanti yake amfani da ita ba, kuma ba shi da hanyar sani. Shi dai ya ba da amana ne, ya rubuta lambarsa.

Ba kowa ne ya bi hanya ɗaya ba wajen fita. Waɗansu sun koma Magento 2. Waɗansu sun ga cewa tun da sake gini ya zama tilas, gwamma su koma wata manhajar dabam kamar Shopify ko WooCommerce. Waɗansu kuma sun bi ƙungiyar masana 'yan sa-kai ta OpenMage, wadda ta ɗauki tsohon zubin ta ci gaba da yi masa faci. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne waɗanda ba su yi ko ɗaya ba.

Yadda Ake Ƙaura Lafiya

Ƙa'idojin da masu wannan aiki suke bi sanannu ne. Kafin a taɓa kome, sai a ɗauki cikakken kwafin kanti a ajiye, a kuma gwada a tabbata za a iya mayar da shi. Sai a lissafa dukkan manhajojin ƙari, a yar da waɗanda ba a bukata. Sai a gina sabon kanti a wurin gwaji wanda jama'a ba sa gani, a yi cinikin gwaji tun daga zaɓen kaya har zuwa biya da mayar da kuɗi.

Akwai kuma batun adireshin shafuka. Idan adireshin wani kaya ya canza a sabon kanti, dole a kafa alamar da za ta juya mai ziyara daga tsohon zuwa sabon, in ba haka ba wanda ya biyo ta Google zai tarar da shafi babu kome, kantin kuma ya rasa matsayin da ya yi shekaru yana ginawa. Daga ƙarshe, a zaɓi lokacin da ciniki ya yi sanyi don buɗe sabon kanti, a bar tsohon a ajiye har a ga kome ya daidaita. Duk wannan yana bukatar lokaci da kasafi tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Har ila yau, ƙaura ba ita ce ƙarshen aiki ba. A watan Yuni na 2024 Adobe ya fitar da faci don toshe wata babbar kafa da aka gano a cikin shi kansa sabon zubin, kuma a watannin da suka biyo baya an kutsa cikin dubban kantunan da suka yi jinkirin ɗora shi.

Darasin ya shafi Nijeriya ta fuska biyu. Masu katin banki a nan suna sayayya a kantunan ƙetare, 'yan kasuwa kuma suna ta buɗe nasu kantunan a intanet. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma wajabta masa sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ke nan duk wanda zai buɗe kanti, ko jami'in da zai sa hannu a kwangilar gina shafin karɓar kuɗi, ya kamata ya tambayi mai ginin abu biyu a rubuce: yaushe wa'adin wannan zubi zai cika, kuma wa zai biya kuɗin ƙaura idan ranar ta zo.