Pound: Kuɗi Ne, Nauyi Ne, Ko Daka?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau kalmar Turanci ɗaya tak za mu tattauna a kai, wato pound. Ƙanina ne ya jawo maganar. Lokacin da zai tafi karatu Amurka, ya ga an rubuta a tikitinsa cewa kowace jaka 50 pounds. Ya kira ni hankali a tashe, "Yaya, wai fam hamsin zan biya a kan kowace jaka?" Muna cikin juya kuɗin zuwa naira sai abokinsa ya ce a'a, nauyi ake nufi. Shi ke nan gogan ya ɗauka kilo hamsin ne. Hajiya ta samu abin da take so, ta loda kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, har da bargo. Da aka ɗora a sikeli a filin jirgi aka ce kilo 23 ne iyaka. A gaban jama'a muka zazzage jakar, ni na koma gida da rabin kayan miya.

To daga ina wannan ruɗanin ya samo asali? Daga Romawa. A Latin suna cewa libra pondo. Libra ma'auni ne, pondo kuma yana nufin "ta fuskar nauyi". Turawan Ingila sai bakinsu ya riƙe pondo ya zama pound, alƙalaminsu kuma ya riƙe libra. Shi ya sa za ka ga an rubuta lb amma a karanta pound, alhali babu L babu B a cikin kalmar. Tun 1959 ƙasashen da ke amfani da shi suka daidaita a kan cewa pound ɗaya giram 453 ne da 'yan kai. Ga dabara mai sauƙi: raba biyu, sannan ka cire kashi goma cikin ɗari. Hamsin ta koma 25, ka cire biyu da rabi, saura 22 da rabi. Da mun san wannan da kukar Hajiya ba ta sha kunya ba.

Kuɗin fa? Ai shi ma nauyin ne. A Ingila ta da, daga azurfa mai nauyin pound ɗaya ake buga ƙananan tsabobi 240. Sai adadin kuɗin ya ɗauki sunan nauyin. Alamar £ ɗin nan ma ba komai ba ce illa harafin L na libra da aka yi wa kwalliya. Wannan lissafi na 240 bai bar Birtaniya ba sai a Fabrairun 1971, lokacin da suka mayar da fam ɗaya ya zama fenni ɗari.

Yanzu ga inda abin ya fi burge ni. Hausa ta ari kalmar nan sau biyu, kuma ta raba abin da Bature ya cakuɗa. Na kuɗi muka ce fam, don mun saba mayar da P ta zama F, kamar yadda muka yi wa fensir da famfo. Na nauyi kuma muka ce laba, wanda masana harshe ke danganta shi da lb ɗin nan da ake rubutawa a jikin sikeli da buhu. Ka ga Bahaushe ba zai taɓa rikita fam hamsin da laba hamsin ba. Wallahi a nan kam mun fi masu abin tsari.

Fam ya yi zamaninsa a Najeriya: sule ashirin fam ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, ga sisi ga taro. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta karɓe shi, aka canza fam ɗaya a naira biyu. Shi ya sa idan tsohuwa ta ce maka fam biyar, naira goma take nufi. Jaka guda kuma fam ɗari ce, wato naira 200, har yau wasu 'yan kasuwa da ita suke ciniki. Masar da Sudan suna nan da pound ɗinsu a Turance, duk da cewa su da Larabci junaih suke kiransa.

Akwai kuma wanda kuke dannawa kullum. Alamar # da muke rufe lambar duba kuɗi da ita, mu da 'yan Birtaniya hash muke cewa, amma Ba'amurke pound yake kiranta, domin can ana rubuta ta a madadin lb. Idan na'ura ta ce maka press pound, kada ka tsaya neman £ a wayarka. Haka idan mai faci ya ce ya ba tayarka 35, yawanci PSI yake karantawa, P ɗin farko kuwa pounds ne: nauyin da iska ke dannawa a kan kowane inci murabba'i.

Duk waɗannan 'yan gida ɗaya ne. Amma akwai wasu pound biyu da ba su haɗa jini da Romawa ba, kamar rubutu ce kawai ta haɗa su.

Na farko aikatau ne, daka ko duka da ƙarfi. Daga tsohon Turanci punian ya fito, D ɗin ƙarshen ma daga baya ta manne masa. Shi ne na pounded yam, sakwararmu. Don haka my heart is pounding ba ruwansa da kuɗi, gabanka ne ke dukan uku-uku.

Na biyu wuri ne mai shinge da ake tsare dabbar da ta ɓata ko ta yi ɓarna a gona, sai mai ita ya biya tara a sake ta. A Amurka har yau inda ake ajiye karnukan da aka tsinta a titi dog pound ne. Daga nan aka samu impound, kalmar da za ka gani a labarai duk ranar da hukuma ta kwashe babura ko Keke Napep ta kulle a harabarta. Abin dariya, pond, wato kududdufi, ɗan'uwan wannan ne, ruwa ne da aka tare shi ya kasa wucewa.

Ku je ku tambayi kakanninku fam nawa aka biya sadakinsu, ku rubuto mana amsar a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.