Kifin salmon: na kogi daban, na kiwo daban

Kowace shekara, cibiyoyin ƙyanƙyasa na Amurka, Japan, Rasha da Kanada suna sakin ƴaƴan kifin salmon kimanin miliyar 5 zuwa arewacin tekun Pasifik. Sai dai masana na gargaɗin cewa jikin kifin kiwo ba ɗaya yake da na kogi ba.

A kogi ake ƙyanƙyasar salmon. Kafin ya gangara teku, gaɓoɓin numfashinsa da ƙodarsa kan sauya don ya jure gishiri. Yana kuma haddace ƙanshin koginsa, wanda zai bi ya dawo yin ƙwai.

A wurin kiwo kuwa, abinci a sauƙaƙe, ba igiyar ruwa, ba maƙiyi. Nakasar dutsen cikin kunne, mai rage ji, ta fi yawa a irin wannan kifi. Wani bincike na 2007 kan steelhead, ɗan uwan salmon, a kogin Hood na jihar Oregon, ya nuna ƙarfin haihuwarsa na raguwa da kusan kashi 40 cikin 100 a kowane zubin kiwo. In ya yi barbara da na kogi, raunin kan shiga zuri'a.

Shi ya sa hankali ke komawa ga gyaran koguna. A 2024, bayan rushe madatsu huɗu a kogin Klamath, salmon ya koma wuraren da ya shafe sama da shekara 100 bai kai ba.