Hoton Kwatangwalon Jariri: Sikanin Ko Hoton Ƙashi?

Wannan darasi ya samo asali ne daga wani zaman adashi da muka yi a Dirin Daji. Wata 'yar ƙungiya ta ari kuɗi daga asusun agaji, ta kai 'yarta mai wata 2 wani shagon hoton ƙashi, don ta lura ƙafa ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar. Da likita ya duba hoton sai ya ce bai nuna abin da ake nema ba, sikanin ya kamata a yi. Kuɗin mota da na hoto sun tafi a banza.

Matsalar ita ce gocewar kwatangwalo. Kan ƙashin cinya kamar taɓarya ne a cikin turmi. Wani jaririn turmin nasa bai yi zurfi ba, sai taɓaryar ta riƙa zamewa. An fi ganin haka ga 'ya'ya mata, da 'yan fari, da jaririn da ya zo da ƙafa ko a zaune, da kuma gidan da aka taɓa samu. Ba ya yi wa jariri ciwo, shi ya sa ake makara. Ku kula a wajen wanka: ƙafa ɗaya ta fi gajarta? Ninkin cinyoyin bai zo daidai ba? Cinya ɗaya ta ƙi buɗewa?

To wane hoto za a yi? Watannin jaririn ne ke yanke hukunci.

Sikanin, irin wanda ake yi mana lokacin ciki, da sauti yake aiki, babu haske mai cutarwa. Kan ƙashin sabon jariri guringuntsi ne, sikanin kuwa yana ganin guringuntsi. Ya fi amfani daga mako 6, wato daidai gama arba'in da rigakafin mako 6, har zuwa wajen wata 4 ko 6. Amma ba duk mai sikanin ciki ne ya iya na kwatangwalo ba. Ku tambaya tukuna.

Hoton ƙashi kuma ƙashi mai tauri yake nunawa. Sai jariri ya kai wata 4 zuwa 6, ƙashin ya fara ƙwari, sannan yake da amfani. Akwai ɗan haske mai ratsa jiki a cikinsa, don haka ba a yin sa sai likita ya rubuta.

Me ya sa nake matsa muku? Idan an gano kafin wata 6, galibi ɗamara ce ta musamman, mai suna Pavlik, za a sa wa yaro na wasu makonni. Idan an bari sai ya fara ɗingishi, maganar ta koma siminti ko tiyata, a Birnin Kebbi, Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Shawarata: a fara da asibitin kusa, a karɓi takarda kafin a hau mota zuwa Zuru. Kada a kai wa mai ɗori, wannan ba karaya ba ce. Goyon da muke yi, ƙafafu a buɗe a bayanmu, yana taimakon kwatangwalo. Naɗe jariri tamau ƙafafu a miƙe ne ke cutarwa.

A zama na gaba, mu tattauna: asusun agajinmu zai iya ɗaukar kuɗin mota da na hoto idan haka ta taso?