Kundin Ɗalibi da Awon Darasin Halittu a Firamare

Sa'ad da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana sabuwar manhajar karatu a 2025, wadda ta rage yawan darussan da ake ɗora wa yara, surutun da ya biyo baya ya ƙare ne a kan darasin da aka cire da wanda aka haɗe da wani, ba a tsaya kan yadda malami zai gane cewa yaro ya koyi abin da aka koya masa ba, alhali kuwa nan gizo ke saƙar. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi awon bi-da-bi, wato tara makin ɗalibi daga ayyukansa na tsawon zango maimakon rataya komai a wuyan jarrabawar ƙarshe, amma abin da ya tabbata a yawancin makarantu shi ne gwaji biyu ko uku na cike gurbi, a ware musu maki 30 ko 40, a bar ragowar ga jarrabawa. A wannan giɓi ne wasu malaman kimiyya suka koma ga kundin ɗalibi, wato jakar kwali da yaro ke haɗawa da hannunsa yana tara zanensa da busassun ganye da bayanan abin da ya lura da shi, kuma duk da kura-kuran da ke tattare da ita, dabarar ta fi abin da ta tarar nesa ba kusa ba.

Akan ce tsada ce ta haifar da ita, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, ƙasar ta dogara da takardar waje, saboda haka faɗuwar darajar naira daga 2023 ta shiga kuɗin littafin rubutu kai tsaye. Kwalin taliya ko na sabulu, da bayan tsohuwar kalanda, da zare da allura, da ƙaron da aka jiƙa ya zama abin liƙi, duk ba sa neman uba ya taɓa aljihu. Sai dai tsada ta bayyana dalilin da ya sa ake yin kundin da hannu ne kurum, ba ta bayyana dalilin da ya sa ake buƙatarsa ba.

Babban dalilin yana cikin yanayin darasin kansa. Nazarin halittu aiki ne na lura da abin da ke canzawa a hankali, kuma takardar gwaji ta rabin awa ba ta da hanyar kama canji. Shekarar karatu a arewacin Najeriya tana farawa a Satumba, damina na bankwana, ta ratsa kaka da hunturu da bazara, ta ƙare a Yuli shuka ta tashi, don haka yaron da aka ba shi itace guda ya riƙa ziyarta duk mako yana da abin rubutawa a kowane zango. Idan gawo aka ba shi, zai ga yana fitar da ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu, ya ga awaki sun taru a gindinsa da rani suna tsintar 'ya'yansa, sannan ya gan shi tsirara bayan ruwa ya sauka, abin da ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona ba tare da fargabar inuwarsa za ta danne gero ba. Abokinsa da aka ba kuka zai kawo labarin da ya saɓa da wannan gaba ɗaya, kuma ranar da aka shimfiɗa kundayen biyu a kan tebur ɗaya, tambayar da ya kamata malami ya yi za ta fito daga bakin yaran da kansu. Ranar da shamuwa ta fara bayyana a kan bishiyoyin gari, da kwanakin da wake ya yi a gwangwanin madara kafin ya tsiro, duk irin wannan bayani ne da ba a kwafo shi daga allo.

Akwai kuma amfanin da ba a cika ambata ba. Hukumar UNICEF ta bayyana a 2022 cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yaran Najeriya ba sa iya karanta rubutu mai sauƙi su fahimce shi lokacin da suka kai shekara goma, wanda ke nufin gwajin kimiyya da aka rubuta da Turanci yana auna karatun yaro ne kafin ya kai ga saninsa. Yarinyar da ta san bambancin ganyen aduwa da na magarya tun tana bin yayyenta itace tana iya cin sifiri a takarda, amma a kundi za ta liƙa ganyen biyu, ta zana ƙayar kowanne, ta rubuta sunansa yadda ta iya, malami ya ga abin da ta sani da kuma inda rubutunta ya tsaya.

Masu suka suna cewa manufar ilimi ta ƙayyade yara 35 ga malami ɗaya a firamare, ga shi kuwa azuzuwa da dama a birane irin su Kano sun ninka wannan adadi, don haka duba kundin kowa wahala ce da ba a biyan malami kuɗinta. Maganar gaskiya ce iyakar inda ta tsaya, amma malamin da ya kasa duba kundi tamanin ba ya karanta takardun gwaji tamanin da idon basira, kuma ana iya raba aji gida huɗu a duba kashi ɗaya kowane mako.

Haɗarin da ya fi wannan girma daga wajen masu goyon bayan dabarar yake fitowa. Da zarar maki ya koma kan kyan bango da launin fenti, kundin ya tashi daga aikin yaro ya zama aikin yayarsa ko mahaifiyarsa, kuma ɗan mai hali da ya zo da hotunan da aka buga masa daga intanet zai sha gaban ɗan manomin da ya zo da ganye na gaske mai ɗan datti. Makarantun kuɗi da ke baje kundaye ranar taron iyaye su ne suka fi kusa da wannan rami, domin abin da ke burge baƙo daban yake da abin da ke nuna lura. Ma'aunin da ke da tasiri shi ne kwanan wata a kan kowane shafi, da jerin shafukan da ke nuna an koma wurin abu guda sau da yawa, da tambayar baki ta minti biyu inda yaro zai faɗi inda ya tsinko ganyen da abin da ya gani a wurin. Wanda aka yi wa aikin a gida ba ya wuce tambaya ta biyu.

Ajiya ma matsala ce da ba a rena ta, domin ganyen da ba a danne shi a tsakanin tsofaffin jaridu ya bushe sarai ba yakan yi fumfuna, gara kuma ba ta barin kwali a ajin da ba shi da kabad, musamman a dogon hutun Agusta. Sannan katin sakamako har yanzu gurbin lamba kawai yake da shi, saboda haka aikin wata goma yakan koma maki goma ko ashirin a layi ɗaya, malamin aji na gaba ya karɓi yaron ba tare da ya taɓa buɗe kundinsa ba, sai fa inda hedimasta ya sa doka cewa kundin ya bi mai shi zuwa sabon aji.